DAKASHI: LOKACIN TATSARSA DA YADDA A KE AJIYE SHI

Kowane mai kiwo ya san irin wannan hasara. Akuya ta haifi tagwaye da dare, ta sha wuyar haihuwa, kafin hantsi ta mutu. Mai ita ya kwashi 'ya'yan ya kai cikin gida, a dama madarar gwangwani, ko a samo nonon saniya a riƙa ɗura musu. Kwana biyu suna tsalle-tsalle kamar abin zai yi kyau. Ran na uku ko na huɗu sai zawo ya kama ɗaya, cibiyar ɗayan ta kumbura, kafin mako ya zagayo an jefar da duka biyu. Sai a ce ai marayan akuya ba ya rayuwa. Alhali kuwa abinci bai yanke musu ba. Abin da suka rasa shi ne dakashi, watau nonon farko mai kauri, mai fatsi-fatsi da yauƙi, wanda uwa ke fitarwa ran da ta haihu.

Wannan darasi ya shafi Bafillatani mai garke, da manomi mai saniya biyu a turke, da ɗan kasuwa ko akawu mai 'yan tumaki a bayan gida. Har wa yau ya shafi iyalinsu, gama mace ma tana da nata dakashin. Sai dai hukuncin tatsarsa kafin haihuwa ya bambanta tsakanin mace da dabba, bambancin kuwa mai girma ne.

ABIN DA KE CIKIN DAKASHI

Dakashin saniya ya fi nonon yau da kullum ƙarfi nesa. Abin gina jiki da ke cikinsa ya ninka na nono kamar sau huɗu, maiƙonsa ya fi yawa, yana kuma wanke cikin maraƙi ya fitar da baƙin kashin nan na farko. Amma babban amfaninsa shi ne garkuwa. Duk cutar da saniya ta taɓa yi ta warke, da wadda aka yi mata allurar rigakafinta, jininta ya riga ya ƙera makamin yaƙi da ita. Waɗannan makamai su ne likitoci ke kira ƙwayoyin garkuwa.

To, a jikin saniya da akuya da tunkiya da raƙuma da goɗiya, Allah ya yi mahaifar da kauri, ƙwayoyin garkuwa ba su iya ratsa ta su kai ga ɗan da ke ciki. Saboda haka maraƙi ya kan faɗo duniya ba shi da makami ko ɗaya, ga shi kuwa ya faɗo cikin kashin shanu da ƙura da ƙudaje. Duk abin da uwa za ta ba shi na kariya tana tara shi ne a hantsa tun makonni kafin haihuwa, ta miƙa masa cikin dakashi.

An daɗe da tabbatar da wannan. A 1922 waɗansu masana biyu a Amurka, Theobald Smith da Ralph Little, suka raba maruƙa kashi biyu. Kashi ɗaya aka bar su suka sha dakashi, kashi ɗaya aka hana su, aka ba su nono sak. Waɗanda suka sha dakashi suka rayu. Waɗanda aka hana kuwa mafi yawansu suka mutu cikin 'yan kwanaki, ƙwayoyin cuta na hanji sun shiga jininsu.

ƘOFA MAI RUFEWA

Sa'ad da aka haifi maraƙi, hanjinsa kamar rariya ya ke, ƙwayoyin garkuwa su kan wuce ta cikinsa su shiga jini ba su lalace ba. Wannan ƙofa ba ta daɗewa a buɗe. Cikin awa 2 na farko ta fi faɗi. Bayan awa 6 ta tsuke ƙwarai, bayan awa 12 saura kaɗan, in an kai awa 24 ta rufe ke nan har abada. Daga nan ko an ɗura masa dakashi cikin ƙwarya, abinci kurum ya ci, garkuwar ba za ta kai jini ba. Haka abin ya ke ga ɗan akuya da ɗan tunkiya.

Shi ya sa maraƙin da aka haifa da tsakar dare bai kamata a bari sai gari ya waye a duba ko ya sha ba. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe.

Ga ma'aunin da masana suka tsayar. Maraƙi ya sha kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa kafin awa 6 su cika. Maraƙin farar saniya ta Bunaji ya kan zo da nauyin kilo 20 ko ɗara kaɗan, ke nan yana bukatar wajen lita 2, watau robar ruwa ta rabin lita sau huɗu, a raba masa sha biyu. Ɗan akuya ko ɗan tunkiya yana bukatar mililita 50 ga kowane kilo a shan farko, da wajen mililita 200 ga kowane kilo kafin kwana ya cika. Ɗan jar akuyar Sakkwato da Maraɗi mai kilo 2 zai sha mililita 100 da farko, watau ƙaramin gwangwanin madara bai cika ba, sa'an nan a yini da kwana ya tasam ma rabin lita.

In ɗan yana tsotso da kansa ba a iya aunawa, amma akwai alama. A taɓa cikinsa, in ya sha za a ji shi a cike, ya kwanta ya yi barci. Wanda bai samu ba ya kan tsaya a takure yana kuka, cikinsa a lotse, bakinsa da sanyi.

KADA A TATSI DABBA KAFIN TA HAIHU

Nan ne waɗansu ke yin kuskure. Mutum ya ga hantsar saniyarsa ta cika ta yi tauri saura 'yan kwanaki ta haihu, sai ya ce bari ya rage mata nauyi, ko kuwa ya ce bari ya tatsa ya ajiye. Wannan gyaran gira ne da ke jawo rasa ido. Garkuwar da ke cikin hantsa ta makonni ce a tare. In aka tatse ta, abin da zai maye gurbinta tsararo ne mai kama da nono, ran haihuwa maraƙi ya tarar da rumbu an riga an ɗebe. Bayan wannan kuma, kowane kan nono yana da wani toshi kamar kakin zuma wanda ke hana cuta shiga. In an buɗe shi da wuri an buɗe wa ciwon hantsa hanya.

Tanadin da a ke yi wa dabba mai tsohon ciki iri uku ne.

Na ɗaya, a daina tatsarta. Cikin saniya wata 9 ne da 'yan kwanaki, sai a huta da ita wata 2 kafin haihuwa, a kuma raba ta da tsohon maraƙinta in har yanzu yana tsotso. Cikin akuya da tunkiya wata 5 ne, su ma a yaye 'ya'yansu na baya tun da sauran mako 6 ko 8. Ɗan akuyar da ya girma yana bin uwarsa mai ciki ya kan shanye rabon ƙanensa tun ba a haife shi ba.

Na biyu, a ƙara mata abinci. A ƙasar Hausa dabbobi da yawa su kan kai ƙarshen cikinsu cikin bazara, lokacin da daji ya ƙone, ba ciyawa sai kara. Ramammiyar uwa dakashinta kaɗan ne, ɗanta ma rarrauna ne, ya kan daɗe bai miƙe ya kama nono ba. A ware mata harawa ta wake ko ta gyaɗa, da dusa, da angurya ko ƙuliƙuli, da ɗan gishiri ko kanwa, da ruwa isasshe.

Na uku, a kai ta rigakafi a kan kari. Allurar annobar awaki da tumaki wadda likitoci ke kira PPR, irin wadda a ke yi a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, in an yi wa uwa, ɗanta zai sami kariya ta cikin dakashi har wajen wata 3 ko 4. Malamin dabbobi shi zai faɗi lokacin da ya dace a yi.

Akwai dabbar da nono ke zuba daga hantsarta shi kaɗai kafin ta haihu. Irin wannan sai a sa mata ido, domin dakashinta ya riga ya yi rauni, ɗanta zai bukaci ƙari daga wata uwar.

INDA A KE SAMUN NA AJIYA

Dakashin ajiya bayan haihuwa a ke tatsarsa, bayan ɗan uwar ya sha ya ƙoshi. Shanun gida irin su Bunaji da Rahaji da Gudali ba su cika yin rara ba, galibi ma ba su sakin nono sai maraƙi na kusa. Irinsu a bar wa maraƙi duka har kwana uku ko huɗu, kada ƙwaryar tatsa ta je wurin. Rarar ta kan samu ne wajen shanun da aka haɗa da irin Turai, da akuyar da ta haifi ɗaya alhali hantsarta ta isa biyu.

Tatsar farko ita ce mai ƙarfi. Ta biyu ba ta kai ta ba, ta uku ba ta kai rabinta ba. Na babbar saniya wadda ta haihu sau uku ko huɗu ya kan fi na karsana, gama ta ga cututtuka da yawa. Na garken mutum ko na maƙwabcinsa ya fi na nesa, domin cututtukan wurin ya sani.

Kada a ajiye na dabbar da ta yi ɓari, ko ta haifi matacce ba a san dalili ba, gama sau da yawa bakkale ne ke jawo haka, cutar kuwa tana bin nono, tana kama mutum. Kada a ajiye na mai tari, ko mai kumburin hantsa, ko wanda aka ga jini ko gudaji a ciki.

Wajen tatsa sai tsabta. A wanke hannu da sabulu, a wanke hantsa da ruwan ɗumi a goge da tsumma mai tsabta, a zubar da feshin farko ɗaya ko biyu a ƙasa. A tatsa cikin kwano ko roba da aka wanke da tafasasshen ruwa. Ƙwaryar da ta saba da kindirmo ba ta yi, domin nan da nan za ta tsinka shi.

YADDA A KE AJIYEWA

Cikin zafin ƙasar nan ƙwayoyin cuta su kan ninka cikin nono kowane minti 20 ko 30. Dakashin da aka ajiye a ɗaki awa ɗaya ko biyu ne iyakarsa. In an toshe kwalba aka tsoma ta cikin randa mai sanyi, an ɗan ƙara masa lokaci, amma dai a yi amfani da shi a wannan yinin. A cikin firiji mai sanyi sosai zai kwana ɗaya zuwa biyu. A cikin firiza kuwa, in ya daskare ya zauna a daskare, zai kai wata 6 har shekara da ƙarfinsa.

A zuba shi kashi-kashi daidai sha ɗaya, rabin lita don maraƙi, mililita 100 don ɗan akuya, cikin ƙananan robobi ko farar leda mai kauri. A rubuta rana da wata da irin dabbar a jiki. In wuta ta ɗauke ya narke, ba a mayar da shi ya sāke daskarewa, sai a ba manyan maruƙa a matsayin abinci. Saboda haka mai firiza mai aiki da hasken rana, ko mai sayar da ƙanƙara wanda injinsa ba ya tsayawa, shi ne abokin shawarar masu kiwon unguwa. Roba biyu ko uku ba su cin wuri, ga shi kuwa za su iya fansar maraƙi.

Ran da bukata ta zo, a tsoma robar cikin ruwan ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, a riƙa sauya ruwan har ya narke ya yi ɗumin jiki. A ɗiga a bayan hannu a ji. Faufau kada a ɗora shi a wuta. Zafin da ya wuce digiri 60 ya kan dafa ƙwayoyin garkuwa kamar yadda ƙwai ke dahuwa, aikin ya tashi a banza.

A ba ɗan yana tsaye ko a zaune bisa ƙirjinsa, da kwalba mai kan roba, a bar shi ya tsotsa da kansa. Wanda ya kwanta sharaf ba ya iya haɗiya, in aka ɗura masa sai ya bi ta huhu ya kashe shi. Irin wannan a ɗumama jikinsa tukuna, a kira malamin dabbobi ya ba shi ta roba har ciki.

Inda ba firiza, ma'ajin da ya fi kowane shi ne hantsar wata uwa. Mai kiwo ya san tun da wuri wace akuya ce a unguwa za ta haihu mako ɗaya da tasa, a yi alkawarin taimakon juna. In akuya ta ƙi ɗan wata, a riƙe ta ya sha, ko a tatsa a ba shi. In ba a sami na akuya ko na tunkiya ba, na saniya ya fi babu. Haɗin ƙwai da madara da waɗansu ke yi yana tsai da yunwa, amma ba ya tsaya wa dakashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

NA MATA DABAM NE

Mahaifar mace ba ta da kaurin ta saniya. Jariri ya kan sami garkuwa mai yawa ta cibiya tun yana ciki, musamman a wata uku na ƙarshe. Duk da haka dakashi shi ne rigakafinsa na farko, yana shafe hanjinsa ya tsare shi daga zawo, yana fitar da baƙin kashi, yana rage shawarar jarirai. A gidaje da yawa an gāji al'adar matse shi a zubar, wai ƙazanta ne, a riƙa ba jariri ruwa ko nonon dabba har farin nono ya zo. Makiyayin da ba zai yarda a yi wa maraƙinsa haka ba, bai kamata ya bari a yi wa ɗansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ci gaba da nono zalla har wata 6. Cikin jariri a ranar farko bai fi ɗaukar cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi a sha guda ba, saboda haka ɗan abin nan da ke fitowa ya ishe shi.

Mace ta kan fara yin dakashi tun wajen wata na huɗu na ciki, jikinta kuwa ya kan ci gaba da yinsa har kwana biyu ko uku bayan haihuwa. In ta matse 'yan ɗigo kafin haihuwa, wani zai maye gurbinsu, ba ta rage rabon jariri ba. Shi ya sa asibitoci a Ingila da Ostareliya da waɗansu ƙasashe su ke koya wa waɗansu masu tsohon ciki su tatsa su ajiye. Wadda ta fi bukatar haka ita ce mai ciwon sukari, domin sukarin jinin jaririnta ya kan faɗi bayan haihuwa, sai a ba shi dakashin uwarsa maimakon madarar gwangwani. Haka kuma wadda aka san za a yi mata tiyata, da wadda hoto ya nuna ɗanta zai zo da tsagar leɓe ko wata larura da za ta hana shi kama nono da wuri.

A 2017 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ostareliya a kan mata 635 masu ciwon sukari waɗanda cikinsu ba shi da wata matsala dabam. Rabinsu aka ce su riƙa tatsa da hannu sau biyu a rana daga mako na 36. Ba a ga hakan ya jawo haihuwa da wuri ba, bai kuma ƙara yawan jariran da aka kwantar ba.

Ga ƙa'idodinsa. Ba a farawa sai ciki ya kai mako 36 ko 37, sai kuma ungozomar asibiti ko likita sun yarda a wajen awo. Da hannu a ke yi, ba da na'ura ba. Ta wanke hannu, ta ɗora babban yatsa a sama da manuni a ƙasa, ɗan nesa da kan nono, ta danna a hankali ta saki, tana zagayawa, kada ta wuce minti 10. Ɗigon da ya fito a zuƙe shi da sabon ƙaramin sirinji marar allura, a toshe, a rubuta suna da rana. A firiji kada ya wuce kwana 2, a firiza ya kan kai wata 6. Ran haihuwa a kai shi asibiti cikin kula da ƙanƙara, in ya narke a ba jariri kafin awa 24.

Taɓa nono ya kan motsa mahaifa. Saboda haka an hana wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, da wadda ta ga jini, da wadda mabiyiya ta tare mata hanya, da wadda aka ɗinke wa bakin mahaifa. Kowace ce kuma, in ta ji mara ta ɗaure kamar naƙuda sai ta tsaya, in bai lafa ba ta tafi asibiti.

Abin da ke fitowa ɗigo ne. Mata da yawa duk tatsarsu ta makonni ba ta fi cokalin shayi ɗaya ba, waɗansu ma ba su samun kome, wannan kuwa ba ya nuna za su rasa nono bayan haihuwa. Mace mai lafiya mai ciki lafiyayye ba tilas ba ne ta yi. Inda ba wuta tsayayya, ajiyar ma ba ta da amfani, gama dakashin da ya narke ya kwana cikin zafi cuta ne ga jariri. Amma koyon tatsa da hannu yana da amfani ko'ina, domin in jariri ya zo da rauni bai iya tsotso ba, uwa za ta matsa a cokali mai tsabta a ba shi nan take.

ABIN DA MAI GIDA ZAI RIƘE

Dabba mai tsohon ciki a ciyar da ita, a huta da tatsarta, kada a taɓa hantsarta sai ta haihu. Da ta haihu a tsaya a ga ɗan ya sha kafin awa 2, a tsoma cibiyarsa cikin aidin, in akwai rara a tatsa a daskarar. Matar gida mai tsohon ciki a kai ta awo, in tana da ciwon sukari ko an ce za a yi mata tiyata ta tambayi ungozoma batun tatsar dakashi. Ran da ta sauka, mai gida ya yi magana da tsofaffin gida da ladabi, kada a zubar da ko ɗigo ɗaya, a miƙa mata ɗanta ya sha tun kafin a ɗora ruwan wanka.